Yadda za ka zaɓi antibairos don kwamfutar gida, da yadda za ka sa shi ya yi maka aiki

Duk lokacin da aka kawo mini kwamfuta aka ce ta yi nauyi, ko fayiloli sun yi ɓatan dabo, inda nake fara kai ido shi ne ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo. Sau da yawa sai in tarar da antibairos biyu ko uku a jere: ɗaya wa'adinsa ya ƙare tun bara, ɗaya an ɗora shi da makullin bogi, na Windows ɗin kansa kuma an kashe shi tun ranar da aka sayo na'urar. Mai kwamfuta kuwa hankalinsa kwance, yana ganin masu gadi sun cika ƙofar gida, alhali babu ko ɗaya da idonsa biyu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne abin da ya sami 'yar yayata. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana buƙatar wata manhajar lissafi don kundinta, sai aka ɗora mata ta sata a wani shago, aka kuma kashe mata antibairos domin wai shi ke hana manhajar hawa. Kwana biyu tsakani, duk takardunta da hotunanta suka ƙi buɗewa, an liƙa wa sunan kowanne wasu baƙin haruffa a ƙarshe, ga kuma wata 'yar takarda mai suna _readme.txt tana neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Wannan shi ne salon STOP/Djvu, wani bairos mai garkuwa da fayiloli, wanda babbar hanyarsa ita ce manhajojin sata. Babi biyu kawai muka tsira da su, su ma don ta taɓa tura wa malaminta ta imel.

Fara da sanin Windows ɗin da ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta faɗa maka wane Windows kake da shi. Wannan ya zo kafin maganar antibairos domin katangar da ta rushe mai gadi ba ya iya tsare ta. Microsoft ta daina gyara Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ta buɗe wa masu Windows 10 wani shiri na ƙarin wa'adi mai suna ESU zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Yawancin kwamfutocin hannu da ake kawo mana daga Turai da Amurka tsofaffi ne, da dama ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, wanda ke neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'urar, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Idan taka na cikin waɗannan, ka fara tunanin ko dai canja na'ura, ko komawa wani tsari kamar Linux Mint, ko aƙalla ka daina shiga banki da ita.

Kada ka raina wannan batu. A watan Mayu 2017 wani bairos mai garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ya bi kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin gwamnati na Ingila, alhali Microsoft ta fitar da abin toshe ƙofar da ya bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta Windows a kan kari ya wuce su.

Akwai kuma irin Windows ɗin da wasu masu gyara ke ɗorawa wanda aka yi wa kwaskwarima, aka cire masa Defender, wato antibairos ɗin da Windows ke zuwa da shi, da sabuntawa gaba ɗaya don ya yi sauri. In ka nemi Windows Security ka rasa, ko ya buɗe fayau babu komai, to irinsa ne. Maganinsa ɗaya ne: a kwashe fayiloli, a sauke Windows na asali daga shafin Microsoft, a ɗora sabo.

Zaɓi

Ra'ayina a fili yake. Ga yawancin gidaje, Microsoft Defender da ya zo a cikin Windows 10 da 11 ya wadatar. Ba a biyan ko kwabo, wa'adinsa ba ya ƙarewa, ba ya damun ka da tallar "sayi babban". A shekarun baya an san shi da rauni, shi ya sa har yau wasu masu gyara ke kashe shi ba tare da tunani ba, amma ya daɗe da barin wannan matsayi.

Ba sai ka ɗauki maganata ba. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan: AV-TEST a Magdeburg ta Jamus, AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya, da SE Labs a Ingila. Sakamakonsu kyauta ne a shafukansu. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama marar laifi, jimilla 18. Idan za ka duba, kada ka tsaya a gwaji ɗaya. Bi na watanni da yawa baya, ka ga wanda yake riƙe matsayinsa. Ga mai tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB, makin nauyi ya fi masa muhimmanci fiye da yadda yake zato, domin antibairos ɗin da ke sa kwamfuta rarrafe ƙarshensa kashe shi za a yi. Shafukan da ke jera "goma mafi kyau" da maɓallin saye a gefen kowanne kuwa, da yawansu suna samun la'ada ne a kan kowane ciniki, sai ka san irin nauyin da za ka ba maganarsu.

Yaushe na kuɗi yake da amfani? Idan kana da kwamfutoci da yawa da kake son lura da su daga wuri ɗaya, ko kana son iyakance abin da yara ke buɗewa, ko sana'arka ta sa filash ɗin mutane ashirin na shiga na'urarka kullum. Bitdefender na Romaniya, ESET na Sulobakiya, Kaspersky na Rasha da Norton na Amurka duk sanannu ne a waɗannan gwaje-gwaje. Amma ka san abu biyu kafin ka zaɓa. Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaronta. Wannan doka tata ce, ba ta hau kanka ba, amma ya kamata ka sani. Sannan a watan Fabrairu 2024 FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, ta sa kamfanin antibairos na Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a 2020. Antibairos yana ganin duk abin da ke cikin kwamfutarka, don haka amana ce kake ba shi, ko na kyauta ne ko na kuɗi.

In za ka saya, sayi daga shafin kamfanin ko dillalin da ya amince da shi. Duba farashin shekara ta biyu, domin rangwamen na shekarar farko ne, kuma galibi sukan ciri kuɗin sabuntawa daga katinka da kansu sai in ka shiga ka kashe wannan tsari. Antibairos na sata kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhajar tsaro ya baza ta a intanet, akwai abin da yake nema a wurinka.

Za a tambaye ni Smadav, tunda da wuya ka shiga shagon buga takardu ba ka ga koren tambarinsa ba. Manhaja ce daga Indonesiya, ƙarfinta a kan bairos ɗin filash yake, kuma masu ita da kansu a matsayin ƙarin kariya suke gabatar da ita. Mataimaki ne. Kuskuren shi ne a kashe Defender a bar shi shi kaɗai. Haka Malwarebytes na kyauta: yana da kyau ƙwarai wajen bincike idan ka kira shi, amma bayan kwanakin gwaji ba ya tsaye yana gadi.

Cire tarkacen da ka tarar

Babban mai gadi ɗaya ake so. Biyu masu aiki a lokaci guda sukan yi ta karo, kowanne na binciken fayil ɗin da ɗan'uwansa ya taɓa, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ma ta sandare. Shiga Settings, sai Apps, ka cire duk antibairos ɗin da ba ka biya ba ko wa'adinsa ya ƙare, har da na gwaji da yakan zo a sabuwar kwamfuta. Cire kuma duk wata manhaja mai iƙirarin "ƙara gudu" ko "gyara direbobi" da ba ka san wanda ya ɗora ta ba. Idan wani ya ƙi fita, kamfanonin suna da nasu kayan cirewa: MCPR na McAfee, avastclear na Avast, kavremover na Kaspersky. Kashe kwamfutar ka kunna.

Defender yakan ja da baya da kansa idan ka ɗora wani, ya kuma dawo idan ka cire shi. Duk da haka ka tabbatar da idonka: buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, ka danna Manage providers. Nan za ka ga sunan wanda ke riƙe da aikin.

Saiti, wanda nan ne ake yawan barin ƙofa a buɗe

A cikin Virus & threat protection danna Manage settings. Real-time protection ya kasance a kunne, shi ne mai duba kowane fayil a daidai lokacin da za a buɗe shi. Cloud-delivered protection ma haka, shi ke tambayar rumbun Microsoft game da sabon abin da ba a sani ba, kuma ba ya cin data mai yawa. Tamper Protection ya fi su saurin mantuwa: shi ke hana muguwar manhaja kashe Defender ta bayan fage.

Gangara ƙasa zuwa Exclusions, ka buɗe. Wannan jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa ne. A kwamfutar gida ya kamata ya zama babu komai a ciki. Na sha ganin an sa C:, babban rumbun kwamfutar, gaba ɗaya a wurin, wato an ce wa mai gadi ya tsaya a ƙofa amma kada ya kalli kowa. Masu ɗora manhajar sata da kayan kunna Windows na bogi irin su KMSpico su ke yin haka, wani lokaci manhajar ce ma take sa kanta. Duk abin da ba kai ka sa ba, goge shi.

Daga nan koma shafin farko, shiga App & browser control, sai Reputation-based protection, ka kunna SmartScreen, mai gargaɗi a kan mugayen shafuka da fayiloli, da toshe manhajojin da ba a so, wato irin masu cika burauza da talla. Akwai kuma Controlled folder access a ƙarƙashin Ransomware protection, can cikin Virus & threat protection, wanda ke hana baƙuwar manhaja taɓa foldar takardu da hotuna. A kashe yake zuwa. Ina ba da shawarar kunna shi, amma ka yi haƙuri da shi a makon farko, domin zai tare wasu manhajojinka na halal, sai ka ba su izini ɗaya bayan ɗaya.

Idan yara ko baƙi na amfani da kwamfutar, buɗe musu asusu na daban a Settings, Accounts, marar ikon shugaba, ka riƙe kalmar sirrin babban asusun. Wasannin kyauta da yara ke saukewa babbar hanya ce.

Sabuntawa, da matsalar data

Antibairos ɗin da bai sabunta ba kamar mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayin bara. Defender yana karɓar sabon bayani kusan kullum ta Windows Update. Matsalarmu ita ce tsadar data, shi ya sa mutane ke kashe sabuntawa baki ɗaya. Kada ka kashe. Idan da wayarka kake haɗa kwamfuta, sa haɗin a matsayin Metered connection don manyan kaya su jira, sannan kai da kanka ka riƙa shiga Protection updates ka danna Check for updates duk sanda ka hau intanet. Na yau da kullum ƙanana ne. Manyan sabuntawar Windows, da ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata, ka bar su sai ka sayi datar dare ko ka samu wayifai. Kwamfutar da ba ta hawa intanet sam, ana iya sauke mata fayil ɗin mpam-fe.exe daga shafin Microsoft a wata na'urar, a kai mata. Ka tabbata akwai caji ko wuta kafin ka fara babbar sabuntawa, domin ɗaukewar wuta a tsakiya takan lalata Windows.

Bayan haka ka gwada. Akwai fayil ɗin gwaji na EICAR, haruffa 68 ne kacal marasa cutarwa, da kamfanonin antibairos suka amince su riƙa kama shi kamar bairos. Je eicar.org ka yi ƙoƙarin sauke shi. In an tare shi, mai gadinka na farke. In ya sauka lafiya ya zauna, koma ka sake bin saitin.

Sai bincike. A Scan options zaɓi Full scan a wannan karo na farko, ka bar shi ya gama ko da zai ci awanni. Daga baya Quick scan da yake yi da kansa ya isa, sai cikakke sau ɗaya a wata.

Filash

Wannan ita ce tsohuwar hanyar da har yau ba ta mutu ba a wajenmu. Ka kai filash shagon buga takardu, ka dawo ka tarar foldodinka duk sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya. Kada ka danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Danna filash ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show more options. Fayilolinka na nan, ɓoye su aka yi. Buɗe Command Prompt, idan harafin filash ɗin E ne ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, za su bayyana. Kwashe su, ka yi wa filash ɗin fomat.

Kashe AutoPlay a Settings, ka kuma kunna File name extensions a View na File Explorer, domin ka riƙa ganin ƙarshen sunan fayil. Takardar da sunanta ya ƙare da .pdf.exe manhaja ce ta yi shigar burtu. Ni dai yanzu in zan buga takarda a waje, ta imel nake turawa, filash ɗina yana gida.

Gargaɗin ƙarya

Idan kana cikin burauza sai wani shafi ya cika allo da ja da ƙara, yana cewa an gano bairos biyar, ka kira wata lamba ko ka sauke wani abu, ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya binciken kwamfutarka. Rufe shi, in ya ƙi ka danna Alt da F4. Idan irin saƙon na ta faɗowa a kusurwar allo da tambarin wani kamfanin antibairos, to wani shafi ka taɓa ba izinin turo sanarwa. A Chrome shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka cire shi.

Wata sabuwar dabara ta fi wannan haɗari. Shafi zai ce ka tabbatar kai mutum ne, sai ya umarce ka ka danna Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya bi ya shigo da ɓarawo da hannunsa. Ta irin wannan hanya ake yaɗa manhajojin satar kalmomin sirri kamar Lumma, wanda Microsoft ta ce ta gano shi a kwamfutoci sama da 394,000 tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu 2025. Irin waɗannan ba sa nauyaya kwamfuta, ba sa nuna alama. Sai dai ka wayi gari an karɓe Facebook ɗinka ana roƙon kuɗi da sunanka.

Fayil ɗin da kake kokwanto a kansa, ɗora shi a VirusTotal, shafin Google da ke gwada shi da injinan antibairos kusan 70. Amma ban da takardun sirri, masu ɗauke da BVN ko NIN ko hoton fasfo, domin abin da aka ɗora can masu bincike na iya ganin sa.

Idan ta riga ta kamu

Ruwa ba ya tsami banza. Burauza na buɗe shafuka da kanta, Defender na mutuwa da kansa, fanka na ta gudu alhali ba ka aikin komai, duk alamu ne. Fara da yanke intanet, ka zare duk filash ko rumbun ajiya da ke jone. A Scan options zaɓi binciken Offline na Defender: kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ya hau, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Bi bayansa da Malwarebytes, da AdwCleaner don tarkacen talla. Abin da aka kama, bar shi a killace 'yan kwanaki kafin ka goge, ko da an kama marar laifi. Protection history zai nuna maka jerin.

Sannan ɗauki wata na'ura mai tsabta, wayarka ma ta isa, ka canja kalmomin sirri, ka fara da ta imel tunda ita ce mabuɗin sauran. Kunna tantancewa mai mataki biyu, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. Idan ka taɓa shiga banki da kwamfutar, sanar da bankinka. In kuwa abin ya dawo bayan an wanke, daina wahala, a kwashe takardu da hotuna kawai, a goge komai a ɗora Windows sabo.

Ga wanda aka yi garkuwa da fayilolinsa, kada ka yi saurin biya, babu tabbacin za a ba ka makulli. Kada kuma ka goge fayilolin da aka kulle. Je nomoreransom.org, shirin da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, inda ake ajiye kayan buɗewa kyauta. Wani lokaci makulli na fitowa bayan shekara ko fiye. Na 'yar yayata har yanzu suna nan a wani rumbu muna jira.

Tun daga wancan lokaci na kafa mata ƙa'ida, ita ce kuma nake ba kowa. Abin da rasa shi zai sa ka kuka ya kasance a wuri uku: a kwamfuta, a rumbun ajiya na waje, da kuma Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta, ko OneDrive. Rumbun na waje a jona shi ranar da aka tsayar, ita ranar Juma'a da yamma ta zaɓa, a kwafe, a zare shi a mayar durowa, domin wanda aka bari a jone tare da kwamfutar ake kulle shi.